Na'ura ta nuna 2,900 da asuba: me zan ajiye a ɗaki ya shanye wannan iska?

Ɗan Bagalam ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, ina kwananku, ya sanyi? Yau da matsala na zo, kuma don Allah wanda ya sani ya yi mini bayani dalla-dalla, don bokona bai yi nisa ba, a kwaleji na ajiye na kama sayar da kayan babur.

A Bagalam aka haife ni, gidan ƙasa mai rufin azara. Tagar ɗakinmu ba ta fi tafin hannu biyu ba, can sama kusa da rufi, ga ƙofar kwano wadda ko an rufe kana hango hasken farin wata ta ƙarƙashinta. Mu shida muke kwana ciki, ban taɓa sanin wani abu wai shi ciwon kan safe ba. Bara waccan Allah ya hore na gama ɗan ginina a unguwar Zariya, na siminti. Magini ya ce a sa tagogin ƙarfe masu ganye-ganye irin na kowa, na ƙi. Na ce gilashi nake so mai zamewa, na alminiyom, saboda zan sa kilim, na'urar sanyaya ɗaki, kuma ba na so sanyin ya riƙa zurarewa. Har roba na sa aka bi gefen ƙofa da ita. A lokacin ji nake na fi kowa dabara.

To tun da hunturun nan ya shigo, maiɗakina ta ƙara da nata. Jinjirinmu wata biyar gare shi, ƙura kaɗan sai hanci ya toshe ya kwana kuka, saboda haka da magariba take rufe komai, ta cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Mu biyar ne a ɗakin: ni, ita, jinjirin, da yayyensa biyu a katifa a ƙasa. Ɗakin mita huɗu ne kan huɗu, tsawo uku. Kullum na tashi asuba kaina ya yi nauyi kamar an ɗora mini turmi, bakina ya bushe, in na je masallaci na dawo sai in ji dama-dama. Na sha maganin zazzaɓin sauro har sau biyu, na biyun ma sai da aka gwada jini aka ce babu komai.

Ƙanena da ke aiki Yamai ne ya zo suna, na ba shi labari, ya ciro wata ƴar na'ura daga jakarsa kamar agogon tebur, ya ce tana auna gaz karbonik, wato CO2, iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi. Ya bar mini ita. Ga abin da na rubuta a bayan kwalin filogi cikin kwana huɗu: a tsakar gida 430 zuwa 450. A ɗaki da rana, ƙofa buɗe, wajen 600. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare 1,500. Da kiran sallar farko 2,700, wata rana 2,900. Daren da Inna ta aiko da kaskon garwashi don a ɗuma wa jinjiri ɗaki, muka manta ba mu fitar ba, sai da ta haura 4,000, tana ta ƙyafta ja.

Buɗe taga dai kada ma ku fara ce mini. Ƙura, sauro, sanyi, sannan tagar tana kallon lungu ne, watan jiya aka zura hannu ta tagar maƙwabcinmu aka zare waya. Abin da nake nema shi ne wani abu da zan ajiye a cikin ɗaki ya riƙa tsotse iskar nan muna barci. Shuka ce, hoda ce, inji ne, in dai bai wuce jika hamsin ba zan daure. Kuma yaran da ke kwance a ƙasa, an ce mini iskar tana da nauyi, ƙasa take kwantawa. Gaskiya ne?

Maman Biyu ta amsa:

Wa alaikumus salam Yaya, Allah ya raya jinjiri. Ka nemi moda, wannan mai dogayen ganye kamar takobi, da alobera, ka jera tukunya uku ko huɗu a ɗakin. Na gani a Facebook cewa su da dare suke shan iskar, ba kamar sauran itatuwa ba, har an ce ƴan NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, sun tabbatar. Ni akwai biyu a ɗakina, ko ba komai suna ƙawata wuri, kuma ba su da cin ruwa. Masu sayar da fulawa a bakin hanya suna da su, ba tsada.

Mushen Kimiyya, malamin makaranta, ya amsa:

Malam Ɗan Bagalam, sannu da ƙoƙari, kwalin filogin nan naka ya fi rahoton wasu ɗalibaina tsari. Bari mu yi lissafin tare, za ka ga ba ya buƙatar boko mai nisa.

Lambar da na'urarka ke nunawa kashi ne cikin miliyan. Iskar waje a duniya yanzu tana da wajen 420, shi ya sa ka ga 430 a tsakar gida, alamar na'urar ba ta yi maka ƙarya sosai ba. Numfashin da ke fita daga bakin mutum kuwa yana da wajen 40,000, kusan ninki ɗari ke nan. Babban mutum yana barci yana fitar da kamar lita 15 na wannan iska a awa ɗaya, yaro bai kai haka ba. Ku biyar mu ce lita 60. Ɗakinka huɗu sau huɗu sau uku, lita 48,000 yake ci. Da a ce tulu ne aka toshe bakinsa, kowace awa lambar za ta ƙaru da 1,250, kafin asuba ta doshi 10,000. Tunda a 2,900 ta tsaya, ashe tsumman uwargida bai gama aikinsa ba, akwai inda iska ke satar hanya, kuma ka gode wa wannan ƴar kafa.

Kada hankalinka ya tashi fiye da kima. 2,900 ba ta kisa. A wuraren aiki iyakar da ƙasashe da yawa suka sa ita ce 5,000 na tsawon awa takwas. Amma tun 1858 wani likitan Jamus mai suna Pettenkofer ya ce in iskar ɗaki ta wuce 1,000 to ta tsufa, a sabunta ta, kuma har yau da wannan lamba ake kwatance. Tsakanin 1,000 da 3,000 nan ne mutane ke kukan barci marar daɗi, nauyin kai da kasala. Ni a ajina, yara tamanin da wani abu, in aka rufe tagogi saboda ƙura, kafin ƙarfe goma sha ɗaya rabinsu gyangyaɗi suke, da can ina cewa rashin karin kumallo ne kawai.

Hajiya Maman Biyu, ki yi mini afuwa, zan taɓa tukwanenki. Gaskiya ne moda da alobera da dare suke buɗe ƙofofin ganyensu, amma abin da suke sha ɗan mitsitsi ne. Binciken NASA ɗin na 1989 ne, kuma ba a kan CO2 aka yi shi ba, a kan tururin sinadarai irin na fenti da gam aka yi, cikin ƙananan akwatuna rufaffu. Ga hanya mai sauƙi ta gane zancen. Shuka ba ɓatar da iskar take yi ba, jikinta take ginawa da ita. Mutum ɗaya a yini da kwana yana fitar da kusan kilo ɗaya. Kafin shuka ta shanye kilo ɗayan nan, sai ta ƙara fiye da rabin kilo na busasshen itace a jikinta, kullum, saboda mutum ɗaya tak. Wace moda kika taɓa gani ta yi wannan girma? Ko dogon yaro da ke cikin rana tsaka bai cika yin haka ba, balle tukunya a ɗaki mai duhu.

Injin tace iska da ake talla, mai kama ƙura, ƙura yake kamawa, CO2 wucewa take ta cikinsa kamar ruwa a rariya. Kilim ɗinka ma, irin mai kai biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, ba ya shigo da iskar waje ko kaɗan. Ta cikin ɗakin yake sanyayawa ya maido maka. Saboda haka in zafi ya zo a watan huɗu kuka rufe kuka kunna shi, lambar nan za ta dawo, sai dai ku ji ta da sanyi. Fanka kuma juya ta kawai take yi.

Akwai masu cire ta daga iska da inji, ba ƙarya ba ne. A ƙasar Aisland an buɗe wata masana'anta a 2021 mai suna Orca, an gina ta don ta kama tan 4,000 a shekara ta tura ƙarƙashin ƙasa ta zama dutse. Amma wannan aikin miliyoyin daloli ne da wutar da ke fitowa daga zafin ƙasa, kuma don dumamar yanayi ake yi, ba don ɗakin kwana ba. Kai kana da abin da ya fi shi araha: bayan bangonka akwai iska mai 420 wadda ba ta da iyaka, kyauta. Ɗakinka yana son a sauya iskarsa kamar sau biyu a awa in kana so ka zauna kusa da 1,000. Na san ka ce kada a ambaci taga. Na ambata.

Batun yara a ƙasa: iskar ta fi iskar gari nauyi da kamar rabi, haka ne. Amma tana fitowa daga baki da ɗumi, tana gauraya nan take, ba ta taruwa a ƙasan ɗaki kamar ruwa a kwano. Ka gwada da kanka, ka ajiye na'urar a kan katifarsu dare ɗaya, a kan kabad dare ɗaya, nesa da bakin kowa, bambancin ba zai taka kara ya karya ba.

Ƴar Ɗakin Tiyata ta amsa:

Yaya Ɗan Bagalam, ni duk dogon bayaninka layi ɗaya ne ya tsaya mini a rai, kuma kai a gurguje ka wuce shi: kaskon Inna.

Bari in fara da abin da ka tambaya, tunda hodar da kake nema da hannuna nake zuba ta. Ina aikin sa barci a ɗakin tiyata. A jikin injinmu akwai wani gwangwani mai haske cike da farin tsaki kamar tsakin dawa, yawancinsa farar ƙasa ce irin wadda ake samu in an ƙona dutse, da ɗan soda. Numfashin marar lafiya yana bi ta ciki, tsakin ya kama CO2, sauran ya koma masa. In ya ƙoshi sai ya rine ya koma shuɗi-shuɗi, mu zubar mu sa sabo. Kilo ɗaya, ko a lissafin takarda, da kyar yake shanye lita 250. Ka ɗauki lissafin Mushe, lita 60 sau awa takwas, 480 ke nan. Kilo biyu kowane dare, in komai ya tafi daidai, kuma sai ka sa fanka tana tura iska ta cikinsa, don in ka zuba a tasa ka ajiye saman kawai zai yi aiki. Jika hamsin ɗinka ba za ta kai ka ko'ina ba. Ga shi yana cin fata, ƙurarsa in ta shiga ido ko ƙirjin jinjiri ta fi abin da kake gudu sharri. Masu wannan dabara su ne waɗanda ba su da tagar buɗewa: jirgin ruwa mai nutso, da ƴan sama jannati. A 1970 mutum uku na kumbon Apollo 13 saura ƙiris wannan iska ta gama da su, sai da suka haɗa gwangwanin tacewa da leda da kwali da salatif. Su da za su samu lungu irin naka, da ɓarawon waya da komai, da gudu za su buɗe.

Yanzu kasko. Gawayi in yana ci yana fitar da CO2 mai yawa, kilo ɗaya yana ba da kusan kilo uku, shi ya sa na'urarka ta haura 4,000. Amma ba wannan ne abin tsoron ba. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iskar daban, monoksid, CO, mai O ɗaya. Sunan ne ya yi kama, halin ba ɗaya ba. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari, kuma garwashin da ya yi jajir ya daina hayaƙi, wanda iyayenmu ke cewa ya nuna babu komai, bai daina fitar da ita ba. Tana kama jini fiye da yadda iskar shaƙa ke kama shi sau ɗari biyu da wani abu, sai jinin ya yi ta zagaya jiki ba ya kai komai. Ƴan ɗaruruwa cikin miliyan sun isa su kwantar da mutum, lambar da in ta CO2 ce ko a jikinka. Kuma na'urar ƙanenka ba ta ganin ta sam. Tana iya nuna maka lamba mai kyau alhali ɗakin ya zama kabari.

Duk hunturu sai an kawo mana su. Gida guda, uwa da ƴaƴa, ciwon kai, jiri, amai, ƙafa ta ƙi ɗaukar mutum. Dangi su ce abincin dare ne, wasu su ce iska ce ta taɓa su. Iska ce kam, amma ba wadda suke nufi ba. Abin da ke ba mu wahala, ƴar na'urar da muke maƙalawa a yatsa tana nuna jini lafiya lau, don ba ta bambance su. Tambaya ce ke tona zancen: da me kuka kwana a ɗaki? Haka masu shigar da injin wuta cikin falo ko baranda saboda ɓarayi. Jarirai da masu ciki su suka fi saurin faɗuwa.

Don Allah ka duba kwalinka, ka tuna ko safiyar da kai ya fi sara ita ce ta bayan kasko. In ka taɓa tashi ka ga mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suna kukan kai lokaci guda, ko yaro ya ƙi farkawa sosai, kada ka tsaya jiƙa magani: a buɗe ƙofa, a fitar da kowa fili, a nufi asibiti a ce musu an kwana da gawayi. Sannan ita Inna, ita da wa take kwana, kuma ƙofarta a rufe?

Jikan Mai Rijiya ya amsa:

Ɗana, ni ban san lambobinku ba, amma iskar ga mun san ta tun ba a yi na'ura ba. Ginar rijiya munka gada, wajen Tibiri. Tsohona in za a shiga tsohuwar rijiya yasa, ba ya barin kowa ya kama igiya sai an zura hitila a guga. In ta kai ƙasa tana ci, a shiga. In ta yi ja ta mutu, sai ya ce rijiya ta yi numfashi, a saro reshen bedi mai ganye a ɗaure a yi ta sama da ƙasa da shi, wani lokaci har rabin yini, sannan a sake zura hitila. Ban taɓa ganin ya zuba wani magani a ciki ba. Korar ta akai, a ba sabuwa wuri. Wanda ya yi gardama ya shiga, da wanda ya bi shi ceto, tare aka hiddo su, na gani da idona ina yaro.

Mushe ya hi ni sani, amma ina jin ita ce wadda ta tashi daga wani tabki a Kamaru, muna saurare a rediyo, ta kashe mutane da shanu suna kwance.

Kai kuma ka baro ɗakin kakanninka mai ƴar taga sama, ka gina kwalba ka shiga da ɗiyanka. Su da sunka bar ramin nan kusa da azara ba don ba su da ƙasar toshewa ba ne. Ka kira magini ya huda maka biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ba bango guda ba. Hannun ɓarawo bai shiga ramin da aka gitta wa ƙarhe.

Mushen Kimiyya ya ƙara:

Ita ce Baba, tabkin Nyos, watan Agusta 1986, mutum fiye da 1,700. A rijiya da rami tana kwantawa don babu abin da ke motsa ta. Sai dai kada wani ya karanta ya ce zai gwada ɗakinsa da fitila ko kyandir: wuta tana ci lafiya lau a ɗakin da monoksid ya isa kisa. Kuma kada a zura wuta a ramin masai, can akwai iska mai kamawa.

Ɗan Bagalam ya dawo:

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Kwana tara ban leƙo ba, ina ta fama ne, ba raini ba.

Malama ta ɗakin tiyata, daren da na karanta amsarki ban iya barci ba. Tambayarki ta ƙarshe ce ta kayar mini da gaba, don babbar ƴata, mai shekara bakwai, sau da yawa wajen Inna take kwana, kuma Inna kullum da kaskonta take kwana, ƙofa a rufe, labule a sake. Sau biyu yarinyar ta tashi da amai a watan nan muka ce ƙosan dare ne. Ƙarfe ɗaya na tashi na je na ƙwanƙwasa, na fito da kaskon tsakar gida. Abin da na sha a bakin Inna ba zai rubutu ba. Ta ce tun ban zo duniya ba take kwana da wuta, ta haifi tara a ɗakin da ake hura mata itace kwana arba'in, yau ni zan koya mata. Na rasa ta cewa, sai maganar Baba Jikan Mai Rijiya ta faɗo mini, na ce Inna, wancan ɗakin na Bagalam ne, yana da taga sama da ƙofar kwano, wannan kuwa ni na gina shi kuma ban gina shi daidai ba. Da na ɗora laifin a kaina sai ta ɗan sauko. Mun yi sulhu a kan a kai mata kasko bayan magariba ƙofa a buɗe, ɗaki ya yi ɗumi, in an yi isha'i a fitar. Na sayo mata bargo mai nauyi a babbar kasuwa, maiɗakina kuma tana cika jarka da ruwan zafi ta naɗe da zane ta sa mata wajen ƙafa. Yarinyar dai na ce ta dawo ɗakinmu, mun zama shida.

Namu ɗakin, daren farko ban taɓa taga ba, tsumman kawai na cire na bar ƙofar da ke shiga falo a buɗe kamar taki ɗaya. Asuba 1,800, da mutum shida. Dare na biyu na ƙara da zame tagar falo, wadda ke kallon tsakar gida ta kudu, yatsa huɗu. 1,200. A nan na gane wautata: ni tagar lungu kawai nake tunani, ita ce ke kallon gabas inda hunturu ke bugowa, alhali akwai wadda ba ta kallon iska kuma ba ta kallon ɓarawo. Mushe, na gwada katifa da kabad kamar yadda ka ce, bambancin bai kai 100 ba.

Na kira maginin nan da na ƙi jin maganarsa. Sai da ya gama dariyarsa, har da zama a kan bokiti, sannan ya fasa bangon kudu can sama ya sa bulo biyu masu ramuka, mai walda ya gitta ƙarfe ya bi da ragar waya ta sauro. Ƙofar ɗaki kuma aka cire robar, aka rage mata yatsa biyu daga ƙasa. Wani yaro mai gyaran kwamfuta kusa da shagona ya ba ni tsohuwar fankar cikin kwamfuta, ƴar ƙarama mai cin bolt 12, muka ɗaura a bakin ramin tana tura iska waje, muka ja mata waya daga batirin sola, don ko an ɗauke wuta ta ci gaba. Duka da ladan magini jika goma sha huɗu. Daren jiya da shekaranjiya, ƙofa a rufe, tagar falo a zame kaɗan: 1,050 da 980. Kan ya daina sara, sai dai ban sani ba ko rabin abin kwanciyar hankali ne.

Ba wai komai ya yi daɗi ba. Ƙura tana shigowa, da safe kana iya rubuta sunanka a kan madubi, kuma maiɗakina ba ta bar ni na manta ba. Ta ɗaura wani tsohon gyale mai shara-shara a tagar falo, yana rage ta, amma kwana uku ya toshe sai an wanke, in ba a wanke ba lambar tana hawa 1,400. Hancin jinjiri yana nan yadda yake, bai ƙaru ba bai ragu ba, muna ɗiga masa ruwan gishirin da aka ba mu a asibiti. Ɗakin ya fi da sanyi, yaran sun koma kwana da rigunan sanyi. Fankar kuma tana wani ɗan zuuu da ni kaɗai nake ji. Hajiya Maman Biyu, na sayi modar duk da haka, guda ɗaya, tana falo kusa da talabijin.

Abin da ya rage mini shi ne ɗakin Inna. Ta hana magini shiga, ta ce ba za a huda mata bango sanyi ya kashe ta ba. Kuma shekaranjiya da na shiga gaishe ta na ga toka a ƙasa ta bayan gado, inda ba nan ake ajiye kasko da magariba ba. Ban yi magana ba. Malama, wannan ƙararrawar da ke kuka in monoksid ya taru, mai aiki da batir, ya sunanta a kanti, kuma me zan duba a jikin kwalin don kada a ba ni mai jin hayaƙi kawai? Na zaga wajen masu kayan wuta uku a nan, biyu ba su gane me nake nufi ba, ɗaya ya miƙo mini abin kashe gobara. In akwai mai tasowa daga Yamai ko Kano cikin satin nan ya yi mini magana, guda biyu nake so, zan tura kuɗin tun kafin ya taso.